Wurin Wa Ka Zo?

Duk baƙon da ya sauka a Bugaje da jaka goye a baya, kafin ya gama karkaɗe ƙurar hanya an jefa masa tambaya uku. Daga ina? Ina aka nufa? Wurin wa ka zo? Biyun farko kusan gaisuwa ce. Ta ukun ce mai nauyi. Idan amsar ta zama "ba wurin kowa ba, yawo kawai nake yi", sai hirar teburin mai shayi ta lafa, wannan ya kalli wancan, wani yaro ya sulale ya je ya shaida wa mai unguwa.

Ba ƙyamar baƙo ba ce. Bugaje tana cikin ƙaramar hukumar Jibiya, a bakin iyakar Katsina da Jamhuriyar Nijar, inda mutum zai karya kumallo a Najeriya ya yi sallar azahar a Maraɗi. Ta Magama motoci ke tsallakawa zuwa Ɗan Isa, kuma dangantaka da auratayya sun girmi shingen kwastan nesa ba kusa ba. Sunan garin ma kalma ɗaya ne da jam'in Buzu, mutanen da ba a gaya musu tafiya. Sai dai shekarun nan sun koya wa jama'ar yankin cewa wanda ya zo babu mai masauki, ko dai abin tsoro ne, ko kuma abin a ji wa tsoro.

Abin da ya jawo wannan magana wani sabon marmari ne da ke shiga zukatan samarin birni, musamman 'yan boko masu babbar waya a hannu. Suna kallon bidiyon Turawan da ke ɗaukar tanti da sanda su shige jeji su kaɗai, kwana bakwai, kwana talatin, su fito da gemu buzu-buzu suna cewa yanzu sun gano ko su wane ne. Saurayin da ya gama jami'a shekara uku babu aiki, yana kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa huɗu, kullum gwaggo na tambayar yaushe za a sha biki, ba abin mamaki ba ne idan wannan ya burge shi. Ƙishirwar da yake ji ta gaske ce. Matsalar tana ga rijiyar da ake nuna masa.

Uban tafiyar wannan salo a zamaninmu wani Ba'amurke ne, Christopher McCandless. Ya gama jami'ar Emory a 1990 da sakamako mai kyau, ya kwashe kuɗin da aka ajiye masa na ƙarin karatu, sama da dala 24,000, ya bai wa ƙungiyar agaji ta Oxfam, ya yanke hulɗa da iyayensa, ya raɗa wa kansa sabon suna. Bayan kusan shekara biyu yana gararamba, a ƙarshen Afrilun 1992 ya kutsa dajin Alaska da ƙaramar bindiga, da shinkafar da ba ta kai kilo 5 ba, da littafin sanin tsirrai. Ya tarar da wata tsohuwar bas da aka yasar a jeji, mai lamba 142, ya mayar da ita ɗaki.

Ƙananan kurakurai ne suka ci shi, irin waɗanda ɗan gari ba ya yi. Ya harbe wata ƙatuwar dabbar dawa wadda namanta zai ishe shi watanni, amma bai san yadda ake adana shi ba. Ya yi ta fama da banda har tsutsa ta gama da naman. Duk mahaucin da ya taɓa shanya kilishi zai ce masa a yanka falle-falle a bai wa iska, kuma haka maharban Alaska ke yi. A watan Yuli ya yi niyyar komawa cikin mutane, sai ya iske kogin Teklanika, wanda ya haye da ƙafa lokacin shigarsa, ya cika ya batse da ruwan ƙanƙarar da ta narke. Ya juya da baya. Alhali ƙasa da kilomita 1 daga inda ya tsaya akwai igiyar ƙarfe daga gaɓa zuwa gaɓa, da kwandon da mutum ke shiga ya ja kansa ya haye, sai dai ba ya riƙe da taswirar da za ta nuna masa. Ya rasu a cikin bas ɗin a watan Agusta yana ɗan shekara 24, bayan kwana ɗari da 'yan kai. Da maharba suka tsinci gawarsa a Satumba, nauyinta kilo 30 ne.

Littafin Jon Krakauer na 1996 da fim ɗin da aka yi a 2007 suka mayar da shi kamar waliyyin masu yawo. Matasa suka riƙa tururuwar ziyarar bas ɗin, mata biyu suka nutse a wannan kogin dai, ɗaya a 2010, ɗaya a 2019, har hukuma ta gaji da aika masu ceto, a Yunin 2020 ta sa jirgin soja mai saukar ungulu ya ɗauke bas ɗin ɗungurungum.

Amma ba sai an je Alaska ba. Ƙasar nan ta ga nata mai yawon, kuma labarinsa ya fi amfani don shi ya rayu ya ba da shi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya baro Tarabulus a 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg. A watan Yuli, kusa da Gat, ya hango dutsen Idinen, wanda Buzayen wurin ke cewa fadar aljannu ce. Suka ce kada ya je, ya ƙi ji. Suka ƙi raka shi, ya kama hanya da 'yar salkar ruwa da busasshen biskit da dabino. Ya hau dutsen, bai tarar da abin a zo a gani ba. Wajen dawowa ya ɓata, ruwa ya ƙare, ya harba bindiga ba wanda ya amsa. Ya kwana a gindin wata busasshiyar bishiya yana hango wuta can nesa, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Washegari da rana ta take, ƙishirwa ta kai shi ga tsaga jikinsa yana tsotsar jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa a kan rairayi ya iske shi rai a hannun Allah, ya fara yayyafa masa ruwa a ka kafin ya ba shi ya sha.

Jiki magayi. Wata shida bayan haka, a Janairun 1851, Barth ya nufo Katsina daga Tasawa ta Gazawa, ya ratsa dajin da ke tsakani, ya wuce kufan Ɗankama, garin da yau yake cikin ƙaramar hukumar Kaita, maƙwabciyar Jibiya. A lokacin dajin nan fagen hare-hare ne tsakanin Katsinawan Maraɗi da masarautar Katsina, kuma bai shige shi ba sai a tsakiyar ayarin gishirin Abzinawa. A 1853, da zai keta dajin Gundumi zuwa Sakkwato, tawagar Galadiman Sakkwato ya bi, aka yi tafiyar fiye da kwana guda cur babu yada zango. Richardson ya rasu a 1851, Overweg a 1852, duka a ƙasar Barno. Barth ya koma gida a 1855 tare da Dorugu da Abbega, yaran da suka yi masa hidima a hanya. Akan ba da labarinsa kamar gwarzon da ya keta Afirka shi kaɗai. Ranar da ya gwada kaɗaici na sosai kuwa, saura ƙiris ta zama ajalinsa.

Kada a ɗauka Bahaushe bai san daɗin keɓewa ba. Ya sani sarai, har sunaye ya yi mata. Sufaye suna shiga halwa. Gardawa suna fita kiskadi, su kafa bukka a bayan gari su yi ta tilawa ba mai damunsu. Almajiri yana barin Katsina ya nufi Gabas neman Alƙur'ani, ya dawo bayan shekaru ya zama wani mutum daban. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, labarin wanda ya bar gida ya shiga uwa duniya, kuma kusan ƙarni guda ke nan yara na tashi da shi. Ko manyan malamai abin ya taɓa su. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, zuciyarsa ta ƙuntata, ya bar runduna ya yi gabas da niyyar Makka. A Kano mutane suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su. Nan ya rubuta Liya'ul Hukkam, daga baya ya koma wurin ɗan'uwansa.

Sai dai a duba yadda aka ɗaure wannan keɓewa da igiya. Mai halwa da izinin shehinsa yake shiga, an ƙayyade masa kwanaki, akwai mai ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Gardin kiskadi bai yi nisan da ƙolo zai kasa gane bukkarsa ba. Addinin da ya ba da labarin kogon Hira shi ne ya zo da hadisan da ke gargaɗi kan tafiyar dare mutum shi kaɗai, ya kuma umarci mutum uku in sun fita su naɗa ɗayansu shugaba. Ranar hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar ya fita, kuma suka ɗauki hayar masanin hanya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ. Wanda yake ganin neman ja-gora ragwanci ne, ya ɗan tsaya a nan.

Fatake kuwa sana'a suka mayar da abin. Ayarin goro zuwa Gwanja yana da madugu, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malamin ayari. Madugu ne ya san rijiyoyi, ya san kuɗin fito, ya san sarkin da ake gaisarwa da wanda ake kewayewa. Har yau Abzinawan da ke ratsa Tenere da raƙuma zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino, mutanen da aka haifa cikin rairayi, ba sa yin wannan tafiya ɗaya-ɗaya. In ɗan hamada yana bin madugu, ɗan birni mai taswirar cikin waya me ya taka?

Duk wannan ma zancen jiya ne, lokacin da abin tsoro a daji shi ne ƙishirwa da kura da kububuwa, wadda ba banza ake mata kirari da gobe-da-nisa ba. Ƙishirwar da macijin suna nan. Zafin Afrilu a wannan yanki yana haura digiri 40, kuma mai tafiya da kaya a irin wannan rana yana iya zubar da lita guda ta gumi a sa'a ɗaya. Amma babbar ƙaryar da ke cikin bidiyon nan, idan aka kawo ta nan, ita ce wai jeji fili ne fetal, ba kowa sai kai da tunaninka. Dajin Rugu da ya taɓo Jibiya da Batsari da Safana ya zarce Zamfara ba kango ba ne. Dajin Baban Rafi a kudancin Maraɗi ma haka. Akwai masu zama ciki, kuma da bindiga a kafaɗa. Cikin irin waɗannan dazuka aka kora ɗalibai sama da 300 na makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da fetur a jarka da ɗauko itace daga daji a manyan motoci, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Jibiya. Wanda ya dogara da waya ta nuna masa hanya ko ta kira masa agaji, ya tuna an yi watanni babu sabis a nan.

Ga baƙon da aka gani shi kaɗai a bakin daji yana ɗaukar hoto, bai iya faɗin sunan mai masaukinsa ba, gaba kura ce baya sayaki. 'Yan bindiga za su ce ɗan leƙen asirin soja ne, 'yan sa-kai su ce infoma ne. Babu wanda zai tsaya sauraron bayanin cewa kansa ya zo ganowa.

Sa'an nan wa ke biya? Wannan ce tambayar da masu cewa "raina ne, na san abin da nake yi" ba sa son ji. In an sace shi, uba ne zai sayar da gona, uwa ta fitar da 'yan kunnenta, a bi masallatai ana neman taimako. Ɗan acaɓar da za a roƙa ya kai kuɗin fansa, shi ma da nasa 'ya'yan, kuma an sha riƙe mai kai fansar a ce a kawo tasa. In ɓata ya yi, samarin ƙauyen da ya wuce bai ko gaishe su ba su ne za su ajiye fartanya su shiga nema. Ɗa na kowa ne, haka ake cewa, to kasadarsa ma kowa take shafa.

Za a ce ai ga waɗanda suka yi suka dawo. Gaskiya ne, kuma sun cancanci jinjina. Newton Jibunoh ya keta Sahara da mota shi kaɗai a shekarun 1960, ya maimaita a 2000, kuma abin da ya gani na gurgusowar hamada ya sa ya kafa ƙungiyar yaƙi da ita. Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a babur a Afrilun 2022 ya iso Legas a ƙarshen Mayu, don yaƙi da shan inna. Pelumi Nubi ta yi irin wannan tafiya a ƙaramar mota a 2024, ta yi hatsari a hanya, aka gyara motar ta ƙarasa. Sulaiman Hashimu, ɗan asalin jihar Katsina, ya tako daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18 a 2015. Mamadou Safayou Barry ya baro Gini a keke a 2023 yana neman karatu a Azhar, aka tsare shi sau uku a Burkina Faso da Togo, sai a Cadi jama'a suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira.

A duba da kyau, yawancinsu ba gudun mutane suka yi ba. Titi suka bi, gari zuwa gari, hannu zuwa hannu. Adeyanju yana da 'yan ƙungiyar Rotary da ke tarbarsa a ƙasashen da ya ratsa. Hashimu ya kwana a rugagen Fulanin da bai taɓa gani ba. Mutum ɗaya ake gani a hoto, amma ɗaruruwa ne suka ba shi ruwa da tabarma. Kuma wanda ya dawo shi ake hira da shi a rediyo. Wanda bai dawo ba, sai dai a ji sanarwar cigiya.

Akwai ma abin jin nauyi a zancen. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit a Nijar, 52 daga cikinsu yara, akasarinsu daga yankin Kance. Motocinsu ne suka lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Babu ne ya fitar da su daga gida. Inda talauci ke tura mace da goyo cikin hamada, mai ƙoshin da ke neman wahala don nishaɗi ya kamata ko ba komai ya san a gaban su wa yake wasan.

Ba cewa ake a naɗe ƙafa a gida ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma saurayin da bai taɓa wuce ganuwar garinsu ba akwai abin da ya rasa wanda littafi ba zai ba shi ba. Da laifin manya ma, da suka bar shi babu inda zai ji shiru: gida cike, unguwa cike, waya cike. Mai neman shiru yana da goman ƙarshe na azumi a masallaci. Mai neman gajiyar ƙafa da faɗin sama yana da Kufena a Zariya, yana da Yankari inda ma'aikacin gandu ke shiga da kai ya fito da kai. Mai son ganin wata ƙasa, ga Maraɗi nan da tafkin Madarunfa, in iyaka a buɗe take, don daga 2019 zuwa yau sau biyu ana garƙame ta. Ya dai yi sallama da gida, ya faɗi ranar dawowa, ya riƙe sunan wanda zai sauka wurinsa, ya tambayi 'yan gari halin hanya a safiyar da zai bi ta, don labarin makon jiya ya riga ya tsufa.

A ce saurayin nan ya iso Bugaje bayan la'asar, ya ba da amsar da ta sa hira ta lafa. Abin da zai biyo baya sananne ne. Wani dattijo zai matsa masa a benci, ya sa a haɗa masa shayi, ya dubi takalminsa, ya dubi jakarsa.

"Samari, ɗan gidan wa ne kai a Katsina?"

"Baba, ni dai so nake in ɗan shiga dajin nan in kwana biyu, in huta da hayaniya."

"To, madalla. Gida sun san ka taho?"

Shiru.

"Yau a zaurena za ka kwana. Gobe in Allah ya kai mu akwai masu zuwa Magama, in haɗa ka da yarona ku tafi tare, ka ga iyaka, ka ci tsire, ku dawo kafin magariba. Wancan dajin kuwa, mu da ke da gonaki a bakinsa, bana ma ba duka muka noma ba. Kira mini mahaifinka."

Sai ya miƙa hannu yana jiran wayar.